Mai Ɗaura wa Bahago Zare

Kademi

Zuwa ga Anti Surayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baffa da kowa na gida. Mu ma nan lafiya lau, an gama yankan dawa, saura sussuka.

Anti, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Zuhra. Ni ce nake ɗaura wa Yaya Kabo zare idan zai yi dambe. Ba Baba ba ne.

Ran sunan da aka yi a gidanmu kin kama hannuna kin ce, me ya sa yatsun yarinya suka yi kanta haka? Na ce miki surfe ne. Tun ranar abin yake damuna. Tunda gidanmu za ki shigo in Allah ya yarda, gara ki ji daga wajena. Ba zan iya faɗa a waya ba, wayar Baba idan ana magana har maƙwabta suna ji. Kuma kin san ni, ko baƙo aka yi sai in rasa inda bakina yake. Rubutuna na 'yar firamare ne, ki yi haƙuri da shi.

Bara waccan hannun Baba ya fara rawa. Ya bar wa Yaya wuƙar fawa da teburin nama, amma bai bar ɗaurin zare ba, don duk Kademi an san ba mai ɗaurinsa tun yana damben kansa. Wata rana za a yi wasa a Gaya, na kai musu ruwa ɗaki, na tarar zaren yana ta zamewa daga hannun Baba. Ya ja, ya kwance. Ya sake ja, ya kwance. Zan fita sai ya ce, "Fiddausi, rufe ƙofa. Zo nan."

Yaya ya ce, "Baba, mace?"

Baba ya ce, "Kai namiji ne ya haife ka? Miƙo hannu."

Da baki ya koya mini. A fara naɗe dunƙulen da ƙyalle, babban yatsa a ciki. Sannan zare daga wuyan hannu, a hau sama, a dawo, kada wani ya hau kan wani. Ina ja yana cewa, "Ja da kyau, ba kitso kike yi ba!" Har hawaye na yi don zaren yana cin yatsa. Ranar Yaya ya yi kisa a turmin farko. Kin san a dambe idan mutum ya taɓa ƙasa sai a ce an kashe shi, ba mutuwa ta gaske ba. Daga ranar zuwa yau Yaya bai taɓa ƙasa ba.

'Yan dambe sun ce idan mace ta taɓa zare ya mutu. Ko matansu ba sa wanke musu shi. Abin da ya rufa mana asiri shi ne tun da can Baba a ɗaki yake ɗauri da ƙofa a rufe, saboda kambun baka. Idan wasan a wani gari ne sai ya tafi da ni, a ce ni ke ba shi magani da abinci. Inna ta sani, amma tana yi kamar ba ta sani ba.

Ban taɓa ganin dambe da idona ba. Daga cikin gida nake jin kalangu. Idan na ji makaɗi ya kira Bahagon Kademi, sannan ihu ya tashi, sai in sunkuyar da kai kada a ga ina murmushi. Ban sani ba ko alfahari ne, Allah ya yafe mini, amma daɗi nake ji sosai.

Sati mai zuwa muna nan tafe Ajingi, an sa zaren Yaya da wani. Gwaggo Barira mai daddawa za ta kawo miki wannan ran kasuwa. Ba ta karatu, amma duk da haka na liƙe da ƙullun tuwo.

Ki gaishe da Baffa.

Ƙanwarki,
Fiddausi

*

Ajingi

Fiddausi, ƙanwar miji kuma uwar ɗakina tun yanzu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai aiki. Ɗinkin bukukuwan kaka ya taso ni gaba, ban da lokacin kaina.

Ke! Wallahi sai da na ajiye almakashi na karanta takardarki sau biyu. Ashe duk fankamar da yayanki yake zuwa yana yi mini a zaure, yana juya hannun hagu kamar wani kayan gado, aikin 'yar shiru-shirun nan ne? To daga yau na san wadda zan riƙa yi wa ɗinki kyauta. Kada ki ji komai, maganar ta shiga rijiya. Kuma ba abin da za ki nemi yafiya a kai. Ni idan na ga mace ta wuce da rigar da na ɗinka, har leƙe nake ta taga.

Ga nawa albishirin. Baffa ya sauko. Kin san yadda muka sha fama da shi. Kullum maganarsa ita ce, "Mu muke kiwo, su suke yankawa, ina haɗin 'yar Bubayero da ɗan mahauci, kuma ɗan dambe?" Ashe ya sa an bincika masa a ɓoye. Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "An ce yaron nan ba ya ha'inci, ko a teburin nama ko a fili. Wannan kaɗai ya sa na yarda. Idan an gama shigar da amfanin gona su turo manyansu." Na ce to Baffa, kaina a ƙasa kamar ke. Ina shiga ɗaki na yi tsalle har na zubar da man keke.

Amma ki ja kunnen yayanki. Wanda ya shirya wasan nan wani Alhaji Sagiru ne, mai gidan dambe a Kano. Ya zagaye filin bayan tasha da kwano, ya kafa lasifika, ya zo da masu ɗaukar hoto. Ɗan damben gidansa ne za su kara da Kabo, Hafizu, wanda ake ce wa Guduma. An ce wasu manya masu motoci suna yin caca a kan wasan, kuma Alhajin yana ciki. Yaransa sun cika gari da jajayen idanu, suna cin tsire ba sa biya. Ban son kallon da suke yi wa mutane.

Idan kun zo ki aiko a gaya mini inda kuka sauka. Ki ja zaren nan da kyau, mijina nake so ya dawo da haƙoransa cif.

Taki,
Surayya

*

Kademi

Zuwa ga Anti Surayya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki yafe mini da ban aiko ba, mun baro Ajingi ba sallama. Na san kin ji magana iri-iri. Ga yadda abin ya faru.

Gidan Sarkin Fawa muka sauka, aka ba mu ɗakin baya. Bayan azahar ina dama wa Baba kunu sai wani ya yi sallama, Gaji, babban yaron Alhaji Sagiru. Bai ko kalle ni ba. Ya tsuguna gaban Yaya ya ce, "Alhaji yana gaishe ka. Ya ce a turmi na biyu ka sa gwiwa a ƙasa. Sabon babur yana jiranka a leda."

Yaya ya ce, "Ka gaishe da Alhaji. Ka ce masa gwiwata tana da ciwo, ba ta lanƙwasuwa sai a sallah."

Gaji ya ce, "Bahago, ba a mayar wa Alhaji kyauta."

Baba ya ce, "To ai ba mu karɓa ba, balle mu mayar. Ja mana ƙofar in ka fita."

Da ya tafi na ɗaura zaren. Anti, ban taɓa ɗauri mai kyau kamar na ranar ba. Ƙyalle ne da zare, ba komai, ko laya Baba ya daina sawa. Yaya ya buga shi a tafinsa ya ce, "Yauwa, 'yar Baba." Suka fita bayan la'asar.

Ina zaune cikin matan gidan ina taya su tsinkar zogale, muna jin kalangu. Can sai ihu ya tashi, irin wanda ban taɓa ji ba, har kaji suka watse. Wata maƙwabciya ta shigo da gudu tana cewa Bahago ya kashe Guduma a turmi na biyu, dukan hagu ɗaya tak, ya zube kamar buhu. Matar Sarkin Fawa ta rangaɗa guɗa. Ni dai na ci gaba da tsinka, amma ganyen da itacen duk wuri ɗaya nake zubawa.

Ba a jima ba ihun ya sauya. Sai ga su Yaya sun shigo, hannunsa ba zare, rigar Baba duk ƙasa. Abin da ya faru, ana cikin murna yaran Alhaji suka kewaye Yaya kamar za su ɗaga shi, suka danne hannun suka warware zaren. Sai Gaji ya ɗaga wani dunƙulen ƙarfe, irin na cikin ƙafar babur, ya ce daga cikin zaren ya faɗo. Ga Hafizu a kwance muƙamuƙi ya karye. Kowa ya ga ƙarfe, ba wanda ya ga daga inda ya fito.

Sarkin Dambe ya tsawatar aka yi shiru. Ya ce al'adar da suka gada ita ce, ba ɗan dambe ke rantsuwa ba, wanda ya ɗaura masa zare shi ke yi. Ya dafa Alƙur'ani ya ce ni na ɗaura da hannuna, ban sa komai ba. Idan ya rantse magana ta mutu. Aka kawo Alƙur'ani aka ce wa Baba, Malam Abba bismilla.

Anti, Baba bai ɗaura ba. Ta ƙaƙa zai dafa?

Ya ce ba shi da alwala. Wani ya miƙo buta. Ya tsaya yana kallon butar, ya ce ba shi da lafiya, a ɗaga masa. Nan fili ya ɗauka, "Ɗan ƙarfe! Ɗan ƙarfe!" Har jifa aka yi.

Sarkin Dambe ya ce don girman Baba ya ɗaga har wata ya tsaya. Ran kasuwar farko za a zauna a ƙofar gidan Sarkin Fawa. Idan ba rantsuwa, za a ƙona zaren Yaya a gaban jama'a, kuma ba filin da zai sake shiga.

Wallahi Anti ba ƙarfe. Da hannuna na naɗa. Me Baffa ya ce?

Ƙanwarki,
Fiddausi

*

Ajingi

Fiddausi,

Salam. Yau ba doguwar gaisuwa, Gwaggo Barira tana tsaye a kaina tana cewa mota za ta cika.

Ba sai kin rantse mini ba. Ko makaho ya san aikin Gaji ne. Amma sani daban, faɗa daban. Duk Ajingi tsoronsu ake ji, kuma abin da mutane suka riƙe shi ne tsoho ya ga Alƙur'ani ya ja da baya. Mata suna zuwa karɓar ɗinki suna yi mini jaje da ido. Wata har ta ce, "Allah ya rufa miki asiri tun ba a ɗaura ba." Na ce mata zanenki bai yi ba tukuna, dawo bayan sallah.

Baffa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Surayya, a kan abu ɗaya na yarda, kuma abin nan ne ake magana a kansa. A gaya musu kada manya su taso sai an ga ƙarshen zaman nan." Na ce Baffa sharri aka yi masa. Ya ce, "To uban ya rantse mana. Mai gaskiya ba ya tsoron littafi." Maganar tana bakina kamar garwashi, amma na haɗiye, amanarki ce.

Hafizu da ya san irin dukan da ya sha, an kwashe shi zuwa wani asibiti a Kano. Alhaji ke ɗawainiyarsa, ba a barin kowa ya gan shi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Kabo ya kira ni a waya. Alhaji ya aika masa cewa shi mai sulhu ne. Idan Kabo ya yarda ya koma gidan dambensa a Kano, ranar zama zai tashi ya ce yaransa sun yi kuskure, ƙarfen a ƙasa aka tsince shi. Za a wanke sunansa tas. Sai dai daga nan idan an ce tsaya ya tsaya, idan an ce faɗi ya faɗi. Kin ga dabarar? Shi ya tura mutum rijiya, shi ne kuma mai guga.

Na kasa haƙuri na ce masa, "Kabo, na san wanda yake ɗaura maka zare." Sai ya ce, "Kada in sake jin wannan maganar a bakinki." Ya kashe. Tunda muke bai taɓa kashe mini waya ba.

Ban ce ki yi komai ba, kin ji? Ke yarinya ce, wannan rigimar maza ce, su suka haɗa ta. Ki dai kula da Baba.

Surayya

*

Kademi

Zuwa ga Anti Surayya,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Ina fata ɗinki ya yi sauƙi.

Gidanmu ba daɗi. Yaya yana fita da nama yana dawowa da rabinsa. Masu saye suna cewa, "A duba mana, ba ƙarfe a ciki?" su yi dariya. Da can idan ya wuce yara binsa suke suna yi masa kirari. Yanzu ta bayan gari yake dawowa.

Ran Juma'a na kai masa abinci, na tsaya a bakin ƙofa na daɗe. Ya ce mene ne? Na ce, "Yaya, in je in faɗa musu ni ce?" Ya miƙe har kwanon ya kife. Ya ce, "Kul! Idan kika buɗe baki ba ni ba ke." Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar.

Na gane, Anti. Gara masa a ce ɗan ƙarfe da a ce mace ke ɗaura masa hannu. Ban ga laifinsa ba, na san dariyar da za a yi masa a kowane fili. Amma na shiga bayan rumbu na yi kuka. Na zaci ɗaurina yana burge shi.

Abin da ya fi tsorata ni Baba ne. Ya je wajen liman ya yi tambaya kamar a kan wani mutum. Ya ce idan mutum ya koya wa ɗansa aiki, yana zaune aka yi a gabansa da umarninsa, zai iya rantsewa shi ya yi da hannunsa? Liman ya ce a'a, rantsuwa tana bisa abin da masu saurare suka fahimta, ba abin da mutum ya ɓoye a ransa ba. Baba ya dawo ya gaya wa Inna, ina jin su daga madafa. Sannan ya ce, "Duk da haka zan dafa. Ni na jawo, ni na kira ta ɗakin nan. Na tsufa, abin da zai same ni ya same ni."

Inna ta ce, "Malam, Alƙur'ani fa! Ka manta yadda mai awon nan da ya rantse a kan ƙarya ya ƙare?"

Ya ce, "Kulu, to in zuba ido a ƙona zaren yaron nan a kan ƙarya?"

Tun ranar Baba ba ya cin abinci sosai. Yana zama a zaure yana kallon hannuwansa.

Jiya kuma Gaji ya zo da mota har ƙofar gida. Ya kawo wa Baba lemo da buhun shinkafa wai dubiya. Baba ya ce a mayar. Amma Yaya ya raka shi har bakin mota, sun daɗe suna magana. Da safe ina shara na ga ya wanke kayansa duka ya jera a jaka.

Anti, ko Baba ya dafa littafi a kan abin da bai yi ba, ko Yaya ya zama na Alhaji. Ni kuma ina nan ina tankaɗe, ni da na san gaskiya. Ko tunanin tsayawa gaban maza ba na iya yi. A makaranta ma idan malam ya ce in tashi in karanta, ba mai jin muryata.

Wata ya kusa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Fiddausi

*

Ajingi

Fiddausi ƙanwata,

Salam, da fatan jikin Baba da sauƙi.

Ina gama karanta takardarki na ce Gwaggo ta ɗan zaga kasuwa, na kira yayanki. Na ce, "Kabo, ba ka ji kunya ba? Yarinya ta yi shekara biyu tana yanka yatsunta a kanka, yau kai ne mai jin kunyarta?"

Ga abin da ya ce, ban ƙara ko gishiri ba.

Ya ce, "Kunya? Surayya, na zaga Gaya, na zaga Wudil, na ga ɗaurin manya. Ba mai ɗaurin Fiddausi. Da don ni ne, da lasifika zan hau in faɗa. A yi mini dariya mana, wanda ya yi sai ya shigo fili mu gani. Amma kin san wurin nan? Maza ɗaruruwa, rabi a buge, kowa da waya a hannu. Yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya ɗaga kai. Kafin magariba hotonta ya zaga duniya, makaɗa su sa ta a waƙa, a riƙa nuna ta a hanyar rijiya har ta tsufa. Ga yaran Alhaji za su san fuskarta. Ni na zaɓi dambe, ita ba ta zaɓa ba. Gara in faɗi sau goma a Kano."

Daga nan muryarsa ta sauya, ya ce wai hayaƙin tukuba ne ya shiga masa ido. Tukuba a waya!

Ya riga ya ba Gaji amsa. Ranar zama zai zo da jakarsa, kafin a kira Baba Alhaji zai tashi ya yi jawabin kuskure, daga nan su wuce Kano a motarsa.

Na ce masa, "Baffa zai yarda, don zai ji an wanke ka. Ni ce ba zan yarda ba. Ni Bahagon da ba ya durƙusawa na ce ina so. Idan ka shiga motar nan, kada ka sake tsayawa a zaurenmu." Ban sani ba ko zan iya cika wannan maganar, amma na faɗa.

Ba don ki zo na rubuto ba. Gaskiya yake faɗa, wurin ba na yarinya ba ne, kuma abin da ya lissafa duk zai iya faruwa. Na rubuto ne don kada ki sake shiga bayan rumbu kina kuka a kan abin da ba haka yake ba. Ɗaurinki yana burge shi, har ya fi ƙarfin bakinsa.

Ki gaishe da Inna.

Yayarki,
Surayya

*

Kademi

Zuwa ga Anti Surayya,

Assalamu alaikum. An ga wata. Ina fata kin tashi lafiya.

Na karanta abin da Yaya ya ce har takardar ta yi laushi. Na yi tunanin waya da waƙa da hanyar rijiya. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ranar farko kaɗai Baba ya kira ni ɗakin nan. Sauran ranakun duk da ƙafata na shiga, don ina so. Aikina ne, kuma mai kyau ne, ba ƙarfe a cikinsa. Ba wanda zai rantse a kansa sai ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Inna Gwaggo Barira tana ciwon baya, zan taya ta ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe akwati ta ba ni sabon hijabinta. Su Baba da Yaya za su taho a babur, mu motar farko za mu shiga.

Kalmomin ba su da yawa. Ni na ɗaura da hannuna, ban sa komai ba. Na yi ta faɗa wa awaki jiya har suka gaji da ni. Dole in faɗa kafin Alhaji ya miƙe. Abin da nake roƙo, ki raka ni ƙofar gidan Sarkin Fawa, ki tsaya inda zan riƙa ganinki. Kada ki yi magana a madadina, ko kin ga na daɗe.

Na rubuta ne don na san idan na gan ki bakina ba zai buɗe ba, kuma ina tattalin muryar. Gwaggo za ta miƙa miki wannan. Idan kin gama karantawa ki ɗaga kai. Ina bayanta da kwandon daddawa, da alwalata.

Ƙanwarki,
Fiddausi